Man Shanu a Bakin Kwaba

Ranar Talata ce, mako guda bayan ƙaramar Sallah, da ƙarfe tara na safe. Ina zaune a ƙofar shagona a Gidan Rumji ina wasa bakin kurfin sassaƙa a kan dutse, maƙwabcina Malam Ilu mai walda yana gefena yana jiran a kawo wuta, sai ga Hamisu a kan babur, ya ɗauro ƙyauren kwaba a bayansa. Hamisu a hannuna ya koyi aiki tun yana saurayi. Yanzu magidanci ne mai shagon kansa, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ya tsuguna ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya ajiye ƙyauren a gabana, ya ce in duba masa.

Na duba. Farin fenti ne, a tsakiya ya kwanta sumul babu abin cewa, amma a baki ya tattare ya yi yamutsi kamar saman madarar da aka tafasa. Na sa farce, ya taso gaba ɗaya har da mastik ɗin da aka cike ramuka da shi.

Ga yadda abin yake. Alhaji Buba dillalin shanu ne, asalinsu makiyaya ne daga rugagen arewacin gari. Da Allah ya buɗa masa ya gina gidan siminti, ya sayo kwabar ɗakin girki daga Maradi, irin wadda ke bin bango sama da ƙasa. Da bakunan ƙyamarenta suka fara cinyewa sai ya kira Hamisu. Hamisu ya gyara, ya yi fenti, bai daɗe ba ya ɓare. Ya sake yi ba tare da ya nemi komi ba, ya sake ɓarewa. Daga nan Alhaji ya yanke cewa jabun fenti aka sa masa. To, a lokacin yana gina jerin shaguna a bakin kasuwa, kuma ya riga ya yi wa Hamisu alkawarin ƙofofinsu da tagoginsu da fentinsu duka. Sai ya ce idan Juma'a ta zo kwabar ba ta gyaru ba, zai ɗauko mutum daga Maradi, kuma zai shaida wa kowa a kasuwar dabbobi irin aikin da aka yi masa. A gari kamar namu, idan dillali ya faɗi haka a kan mai sana'a, to sai dai ya nemi wani garin.

Malam Ilu ya ce a kawo kwabar ya mayar da ita ta ƙarfe kowa ya huta. Babu wanda ya yi dariya sai shi.

Ku samarin da ke zuwa shagona kuna nuna mini waya, wai ga wani ya gyara bakin kwaba kafin a ƙifta ido, ku nake yi wa wannan bayani. Tsakiyar ƙyaure kowa ya iya shafe ta da fenti, ko makaho ya lalaba ya yi. A baki ake sanin kafinta. Kwabar zamani ba da tsagin itace ake yin ta ba. Garin katako ne aka matse da gam, ko kuma siraran falle da aka manna kan juna, aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Fuskarta a rufe take, bakinta a buɗe, kuma duk wata cuta ta nan take shiga. Ruwan wanke-wanke ya shiga ya kumbura ta. Gindin tukunya ya doke ta ya ɓalle gefe. Gara ta biyo bango ta cinye ciki ta bar fata. Kowace cuta da maganinta, kuma wanda bai tantance wadda ke gabansa ba, ko ya fi kowa iya riƙe buroshi, aikin banza yake yi.

Tsarin aikin guda ne, ba shi da gajerar hanya. Ka sa kurfi ka sassaƙe ruɓa har ka kai wurin da katako ke amsa maka da ƙarfi. Ka bar shi ya bushe, ba bushewar da ido ke gani ba, wadda bayan hannu ke ji. Idan ramin ƙarami ne ka cike da mastik, ko ka kwaɓa garin katako mai laushi da gam, kaɗan kaɗan, domin idan ka danƙara lokaci guda zai shanye ya tsage. Sannan ka goge da sanfefa, amma ka naɗe ta a kan guntun katako madaidaici. Kada ka goge da tafin hannu, domin hannu bin rami yake, sai ka mayar da kusurwa ta zama kamar bakin ludayi. Ka share ƙura sarai. Sai fentin farko, wanda aikinsa toshe ƙofofin katako ne, ba ado ba. Ka sake gogewa a hankali. Bayan wannan duka ne ake maganar launi.

Ni haka aka koya mini, kuma ba da lallashi ba. Mahaifina manomi ne a Tibiri, ƴaƴa maza da yawa, gona kaɗan, sai ya kai ni lakol, makarantar ƴan mishan, da sharaɗin ba za a hana ni salla ba, kuma ba a hana ni ba. Da safe karatu da lissafi, da yamma rumfar katako. Malaminmu wani tsohon Bature ne mai guntun yatsa. Idan ka kawo masa aiki ba ya kallonsa. Rufe ido yake ya bi bakin katakon da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, idan ya ji wani abu ya tsaya masa sai ya miƙo maka, ba ya ma gaya maka inda yake, kai za ka nemo. Mun fi shekara ba a bar mu mun taɓa buroshi ba. Yakan ce da gurguwar Hausarsa fenti ba ya rufa wa kowa asiri, tonawa yake. Da wannan yatsan na horar da Hamisu, shi ya sa tun kafin in tashi daga kujera na san ba hannunsa ne ya yi kuskure ba, kuma na san ba ya sayen jabu. Amma sanina ba hujja ba ne a wurin Alhaji. Na ce ya kai ni in ga kwabar a inda take zaune.

A hanya Hamisu ya ce yana da wata dabara. Ya ce a samo siririn gwangwani a lanƙwasa a buga a kan bakunan, a shafe da fari, ko ba komi a wuce Juma'a. Na ce ya tsayar da babur. Na sauka na gaya masa idan wannan ne nufinsa ya mayar da ni shago, ya je ya yi shi kaɗai, kuma kada ya ƙara cewa ni na koya masa.

Ina da dalilina. Shekarar da ruwan sama ya ɗauke alhali gero yana cikin bunni, wadda duk dattijon ƙasar nan ke tunawa, babu mai sa a yi masa ko kujerar tsuguno. Mata suka riƙa fitar da kwabobinsu na aure suna sayarwa don su sayi tiyar hatsi. Ƴan kasuwa suka riƙa bi ƙauyuka har Gangara suna kwasa, su kawo wa kafintoci a yi musu kwaskwarima kafin a kai birni. Wani ya zo mini da mota cike, ya ce in toshe bakunan da yumɓu da ƙaro in bi da fenti mai kauri, babu mai ganewa. Na ce ba na yi. Ya tafi wurin waɗansu suka yi masa. Ni kuwa na koma gyaran amalanke da kwamin dabbobi, wani ya ba ni dawa, wani wake, wani ya ce Allah ya saka. Da damina ta zagayo iska ta yi sanyi, yumɓun ya zube daga kwabobin nan a ɗakunan mutane, kuma kowa ya bi sawu ya gano daga hannun wa suka fito. Ban ga ko ɗaya daga cikin kafintocin nan ya tsufa a sana'ar ba.

Hamisu ya ce ya ji. Muka ci gaba.

Alhaji yana kasuwa lokacin da muka isa. Matarsa Hajiya Rabi ta sa aka yi mana iso har ɗakin girki. Abu na farko da na lura da shi, ƙyamaren sama lafiyarsu lau, fentinsu garas har baki. Na ƙasa da na tsakiya kawai suka lalace. Na tambayi Hamisu ko gwangwanin fenti ɗaya ya yi amfani da shi sama da ƙasa, ya ce ɗaya. To jabun fenti ba ya zaɓen tsawo. Na yi zaton ruwa ne, amma katakon bai kumbura ba, ya yi duhu ne kawai ya yi taushi. Sai na ga kiyashi sun ja layi a bakin ƙyaure guda, ba su nufi inda ake ajiye sukari ba, katakon kansa suke bi. Na durƙusa, duk da gwiwoyina, na kai hancina.

Man shanu ne.

Na tambayi Hajiya wa ke goge kwabar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ni dai tsumma da ruwa nake sawa." Sai dai idonta ya tafi tsakar gida. Na bi idon. Can ƙarƙashin rumfa wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, ƙoranta a jere, akushi, muciya, ƴar kujera, har da sandar kiwo a jingine, kowanne yana ƙyalli baƙi wuluk kamar an fito da shi daga cikin kogi. Inna Dije ke nan, mahaifiyar Alhaji.

Na je na zauna nesa kaɗan na gaishe ta. Ta amsa da jam irin ta Fulani, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne babban Kaɗon da aka ɗauko? Wancan ƙaramin ya kasa?"

Na ce ni ne, kuma na zo ne in koyi wani abu a wurinta. Na yaba sandar, na tambayi yadda aka yi ba ta tsage ba. Nan ta saki jiki. Ta ce itace kamar saniya yake, idan aka bar shi da ƙishi sai ya tsattsage, kuma tun tana yarinya duk ranar da aka kaɗa nono sai an shafe kayan gida da mai. Ta ce da ta zo gidan nan ta ga akwatunan bangon sun buɗe baki saboda zafi, babu mai tausayinsu, sai ta riƙa ɗan lakato mai tana ba su, iyakar inda hannunta ya kai. Da mai fenti ya zo ya kankare su ya tafi don su bushe, ta ga sun ƙara yin fari fat, sai ta ƙara musu. Ta faɗi wannan ne tana jiran a gode mata.

Kuma a kan itacen da ta sani, gaskiyarta ce. Mai yana shiga tsagin kirya ko madaci ya ƙara masa kwana. Amma garin katako da aka matse, shan mai yake kamar auduga, kuma ba ya sakinsa. Gam ba ya kama shi, mastik ba ya zama, fenti ya kwanta yau, zafin murhu ya turo man daga ciki ya ɗaga shi gobe.

Za ku ce me ya hana a faɗa tun farko. Alhaji Buba ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, ko gaisuwa a kaikaice suke yi, kuma a wurin mutanensu wannan kunyar ta fi tamu tsanani. Hajiya Rabi ta gani da idonta, amma ba ta kai ƙarar suruka wurin ɗanta. Hamisu kuwa shigowa yake ya yi aiki ya fita. Kowa ya riƙe ladabinsa, sai nauyin ya faɗa kan wanda ba ɗan gida ba.

Da muka fito zaure Hamisu har rawar jiki yake, wai zai bi Alhaji kasuwa ya gaya masa. Na ce ya zauna. Na ce idan ya tsaya gaban dillalai ya ce wa mutum uwarsa ce ta ɓata masa kaya, zai yi gaskiya kuma ya rasa aikin, har ya ƙara da gaba. Na aike shi ya samo dutsen guga na gawayi da takardar buhun siminti mai tsabta.

Bayan azahar Alhaji ya dawo. Dogon mutum ne, ba ya ɗaga murya. Ya gaishe ni da girmamawa, amma bai dubi Hamisu ba. Ya ce ya san sunana, sai dai kada in ɓata tsufana wajen kare yaron da ya ci amana. Na ce ban zo kare kowa ba, na zo ne ya ga abu da idonsa. Na sa aka kwance ƙyaure ɗaya na sama da ɗaya na ƙasa, aka fito da su tsakar gida inda haske yake. Na kankare fentin bakin kowanne. Na shimfiɗa takarda a kan na sama, na ɗora dutsen guga, na ɗaga. Takarda ta fito a bushe. Na shimfiɗa wata a kan na ƙasa. Kafin in ɗaga dutsen ƙamshi ya riga ya cika wurin, takardar kuwa ta jiƙe har ana ganin yatsa ta bayanta. Na miƙa masa.

Ya kai hanci. Mutumin da aka yaye da wannan man ba ya bukatar a gaya masa ko mene ne, ko daga ƙwaryar wa ya fito. Ya tsaya riƙe da takardar, bai dubi rumfa ba, bai dubi matarsa ba. Ni kuma na riga na ƙudura cewa ko zai kwana yana tambaya, suna ba zai fito daga bakina ba.

Inna ce ta yi magana. Ba ta juyo ba, tana ta goge ƙwaryarta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kaɗo, ka gaya wa mai gidan nan ni na shafa. Kuma gobe in na kaɗa nono sai na shafa. Sandar ubansa da man nan ta tsufa ba ta tsage ba. In icensa na birni bai iya cin mai, ba laifin yaron mutane ba ne."

Alhaji ya ce, "Malam, ka ce mata an ji."

Na juya na ce mata an ji, ko da yake tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba.

A zaure ya tambaye ni abin yi. Na gaya masa katakon da ya sha mai ba ya gyaruwa, sai a yanke. Za a zabge bakin kowane ƙyaure kamar faɗin yatsu biyu har a kai busasshen wuri, a fere tsagin madaci a manna a madadinsa, a matse. Fuska za a yi mata fentin farko da fari kamar yadda yake so. Amma madacin ba za a sa masa fenti ba, za a bar shi tsirara. Ya ce shi fara yake so gaba ɗaya, kamar yadda ya gani a gidajen Maradi. Na ce ya ji da kunnensa abin da za a yi gobe idan an kaɗa nono. Ko dai ya hana ta shiga ɗakin girki, ko ya ba ta itacen da ke son abin da take ba shi. Na ce ni ban san hanya ta uku ba, kuma ba zan sa hannuna a fentin da na san zai tashi ba.

Ya ce, "Wato kwabata ta zama tunkiya uda ke nan, rabi fari rabi baƙi."

Na ce, "Alhaji, kai ne dillali. Uda tana kwantai a kasuwa?"

Ya yi murmushi a karo na farko. Sannan ya juya ya kira Hamisu da sunansa, ya tambaye shi ko yana da madaci busasshe.

Na gaya masa kuma ya cire maganar Juma'a, domin gam bai san ranakun mako ba. Hamisu ne ya yi aikin a shagona, ni ina zaune ina kallo. Wurin yankan ne ake bukatar natsuwa, saboda fatar kwabar tana ɓallewa idan zarto ya yi gaggawa, don haka sai an fara tsaga layin da wuƙa. Duk bakin da aka yanke sai mun gwada shi da takarda da dutsen guga, idan ta nuna ko ɗigo a ƙara zabgewa. Ya fere madacin ya ɗan fi ƙyauren kauri, ya manna, ya matse, ya bari ya kwana, sannan ya sauke shi da rabo, abin fere katako, har ya yi daidai da fuska. Inda madaci ya haɗu da tsohon katako nan ne mai zai nemi hanyar komawa ciki, don haka na sa ya cika gam a wurin ba tare da rowa ba, kuma ya kai fentin farko har kan layin ya rufe shi. Ƙyaure ɗaya na mayar masa har sau biyu. Ya ce, Malam, ido ba ya gani. Na ce ai ba da ido na duba ba. Ya koma ya nemo wurin da kansa.

Ranar da aka mayar da ƙyamaren, Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa har aka ɗaure na ƙarshe. Ta shafa madacin da yatsa, ta ce wannan dai itace ne, ta tafi ɗauko ƙwaryarta.

Alhaji ya faɗa a kasuwar dabbobi cewa fentin Hamisu ba shi da aibu, bai kuwa taɓa gaya wa kowa abin da ya ɗaga fentin da aka yi a baya ba. Hamisu ya yi ƙofofin shagunan da tagoginsu duka. Fentin kwabar bai sake tashi ba.